Raƙumi Yana da Shaida, Mota Tana da Takarda, To Piyes Fa?

A Hausa kalmar "shaida" ta ɗauki kaya da yawa. Mutumin da ya gani da idonsa shaida ne. Abin da ya faɗa gaban alƙali shaida ce. Alamar da ake ɗora wa dabba da ƙarfe mai zafi, ko a tsaga mata a kunne, ita ma shaida ce. Daga baya muka ƙara mata kaya na huɗu, muka ce "takardar shaida". Mu da muke karatun harshe an koya mana cewa idan kalma ɗaya ta riƙe ma'anoni haka, to akwai tarihi a ƙarƙashinta. Tarihin da nake so mu bi a nan shi ne na wata tambaya da ake yi kullum a garejojin Agadas: mutum ya zo da akwatin bitas a cikin buhu, ko batir, ko pampon gazuwal, ya ce na sayarwa ne. Mai saye ya san daga ina abin ya fito? In bai sani ba, wa zai tsaya masa ranar da mai kaya ya bayyana da jandarma a bayansa?

Tambayar ta girmi mota nesa ba kusa ba.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, zamanin Sarkin Abzin Abdulƙadiri, ya tarar da gari ya ragu ƙwarai daga yadda yake a da, gidaje da yawa sun zama kango, amma tsarin kasuwanci yana nan. Ya ambaci wani babban mai sarauta, Sarkin Turawa, wanda harkar fatake da kuɗin fito ke hannunsa. A kula, "Turawa" a bakin mutanen wancan lokaci Larabawan arewa ne, ƴan Gadamus da Gat da Tuwat. Sai daga baya Nasara suka gaji sunan. Ya kuma lura cewa da Hausa ake ciniki, ko da yake garin yana da tsohon harshensa mai dangantaka da Zabarmanci. Abin da ya shafe mu a nan shi ne baƙo ba ya shigowa kasuwa haka kawai ya baje kaya. Yana da mai masauki, yana da dillali, kuma akwai sarautar da za a kai wa ƙara.

Babbar dukiyar wancan zamani raƙumi ne. Shi ne mota, shi ne kamyon, shi ne banki. Ayarin gishiri da Abzinawa ke kira taghlamt yana tashi wajen watan Oktoba ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantu da dabino, sannan ya gangara ƙasar Hausa neman hatsi. Dukiyar da take tafiya da ƙafarta kuwa ba ta da wuyar sata. Maganin da aka yi mata kashi biyu ne. Na farko shaida a jiki: kowace zuriya tana da alamarta da ake ƙona wa raƙumi a wuya ko a cinya ko a kumatu, wadda a Tamajak ake cewa ejwal, Larabawa kuma su ce wasm. Makiyayin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana karanta waɗannan alamu daga nesa kamar yadda muke karanta lambar mota. Amma alama tana da iyaka. Gida take nunawa, ba lalle ta nuna mutum ɗaya ba, kuma raƙumin da aka sayar bisa halal yana tafiya da tsohuwar alamarsa har ya mutu. Ganin alamar wasu a garken wani ba hujjar sata ba ne. Shi ya sa aka bukaci magani na biyu, wato mutum.

Mutumin shi ne dillali. Yau in an ce dillali, abin da ke zuwa ran matasa shi ne mai cin la'ada a tsakiya ba tare da ya yi gumi ba. Wannan rashin adalci ne ga sana'ar. A kasuwar dabbobi, ta Agadas ko ta Ingal ko ta Abalak, la'adar dillali kuɗin lamuni ne. Ya san mai dabba, ko ya san wanda ya san shi, kuma in daga baya ta tabbata ta sata ce, shi za a riƙe ya nemo wanda ya kawo ta ko ya biya. Ba ya iya gudu domin a nan gidansa yake, a nan ƴaƴansa za su yi aure. Masu binciken da suka duba zangon Hausawa a kudu, Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a Sabon Ibadan cikin shekarun 1960, irin wannan tsari suka tarar: mai gida da dillalansa su ne ke sa baƙi biyu da ba su san juna ba su yi cinikin shanu na maƙudan kuɗi, har da bashi. Ka ga kenan rajista tana nan tun da can, sai dai a ƙwaƙwalwar mutum take, kuma mutuncinsa ne hatiminta.

Kada wani ya ce ai don ba a san rubutu ba ne. An san shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Ta sauƙaƙa a kan cinikin hannu da hannu cewa ba laifi in ba a rubuta ba, amma ta nemi a kafa shaidu. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan Abzin suke hukunci da shi yana da babi na musamman, istihƙaƙi: wanda ya ga kayansa a hannun wani, ya kawo shaidu, ya yi rantsuwa cewa bai sayar ba bai bayar ba, zai karɓi abinsa. Mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Duba inda nauyin ya faɗa. In ba ka san wanda ya sayar maka ba, kai ne ka yi asara. Doka ba ta ce ka riƙe littafi ba, ta dai sa rashin sanin mai sayarwa ya zama hasara a aljihunka. Ni a ganina wannan dabara ce mai zurfi.

Faransawa sun kafa barikinsu a Agadas a 1906. Bayan yaƙin Kawsan, wanda ya kewaye barikin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, sun yi ramuwa mai muni, an kashe malamai da dama, mutane suka watse. Daga nan rubutun da hukuma ke girmamawa ya zama na Faransanci, kuma masu iya shi ƴan tsiraru ne.

Su Faransawa a can gida suna da nasu maganin wannan matsala, kuma ya kamata mu san shi domin shi ne kakan duk wata maganar "rajistar masu sayen tsofaffin kaya" da za ka ji a ƙasashen da suka yi wa mulki. Ranar 15 ga Fabrairu 1898 suka yi doka kan sana'ar da suke kira brocanteur, wato ɗan gwanjo, mai sayen tsofaffin kaya daga hannun mutane ya sake sayarwa. Dokar ta ce ya yi rajistar kansa wajen hukuma, ya riƙe littafi wanda kwamishinan ƴan sanda ko magajin gari ya sa wa lamba da hannu a shafukansa, ya riƙa rubutawa kullum, ba tsallake ba gogewa, sunan wanda ya sayar masa da inda yake zaune da irin kayan da kuɗinsu. Ta kuma hana saye daga hannun yaro sai da iznin iyayensa a rubuce. Har yau abin yana nan a sashe na 321-7 na kundin hukunta laifukansu: wanda bai riƙe littafin ba yana iya shan wata 6 a kaso da tarar yuro 30,000. Sunan da ake kiran littafin da shi a bakin jama'a, livre de police, ya faɗi gaskiyar lamarin. Ɗan kasuwa ne ke rubutawa, amma don ɗan sanda ake rubutawa. Ingila ta ƙara gaba a 2013, ta hana masu sayen tsohon ƙarfe da masu fasa mota biya da tsabar kuɗi, ta ce sai sun tabbatar da suna da adireshin mai sayarwa, su ajiye bayanin shekara 3.

Abin lura shi ne an ƙirƙiri wannan littafi ne don birnin da mutane ba su san juna ba. Pari ta 1898 ba ta da dillalin da ya san kakan kowa. Takarda ta tsaya a gurbin mutum.

Mota ta shigo Abzin a hankali, sannan da gudu. Kamfanin Berliet ya ratsa Tenere da manyan motocinsa a 1959 da 1960. Somair ta fara fitar da uraniyum a Arlit a 1971, Cominak ta biyo a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta kan Agadas. A shekarun 1970 da 1980 kuma sai ga wani sabon fatauci: samarin Turai suna sayen tsofaffin Peugeot 404 da 504 a ƙasashensu, su biyo ta Tamanrasat da In Gezam da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko su wuce kudu, su koma gida da jirgi. Ga tseren Pari-Dakar, ga ƴan yawon buɗe ido da kamfanoni irin Temet na marigayi Mano Dayak ke kaiwa cikin rairayi da Land Cruiser. Iyayenmu da suka koyi kanikanci a lokacin, a kan waɗannan motoci suka koya. Tawayen 1990 zuwa 1995 da rikicin Aljeriya ne suka rufe wannan babi.

Motar da ta iso lafiya tana da shaida iri biyu, kamar raƙumi. Tana da lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe, wadda a motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, tana kuma da kartigiris da takardun duwan. Amma ba kowace ce ke isowa ba. Wadda ta mutu a hanya fa, mai ita ya bar ta ya hau ta abokinsa? Ba ta daɗewa sai ka tarar da ƙwarangwal. Taya, batir, injin, kujeru, har wayoyi, duk sun shiga gari. A fiƙihu tsintuwa tana da hukunci, a yi cigiya shekara guda. To wa zai yi cigiyar radiyatar wani Bature da ya riga ya koma Marsai? Bahaushe dai ya ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma kasuwar piyes ba ta ji wannan karin magana ba. Tun daga nan aka saba da cewa mota tana da asali, sassanta ba su da shi. Da zarar an kwance ƙusa huɗu, abin ya fita daga duniyar takarda.

Dokokin Nijar da suka taɓa wannan ciniki daga wurare uku suka zo, kuma ba magana ɗaya suke yi ba. Kundin hukunta laifuka na 15 ga Yuli 1961 yana hukunta abin da ake kira recel, wato karɓa ko ɓoye kayan da ka san na sata ne. Duk shari'ar tana rataye a kan kalmar "sani". Mai gareji zai ce bai sani ba, mai gabatar da ƙara zai ce wanda ya sayi abin jika 200 a kan jika 30 da tsakar dare ai ya sani. Araha ba ta ado, a nan ma har tana kai mutum kaso. Sai kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, sashe na 2279 da 2280: wanda aka sace wa kaya yana da shekara 3 ya karɓe su daga hannun duk wanda ya same su, amma in mai riƙe da su a kasuwa ya saya, ko wajen ɗan kasuwar da ke sayar da irinsu, to sai mai kayan ya biya shi kuɗin da ya kashe. Kwatanta da istihƙaƙi. Malikiyya ta kare mai kaya, dokar Faransa ta kare kasuwa. Direban da ya gane pamponsa a motar wani zai ji amsa biyu daban, ya danganta ko limamin unguwa ya tambaya ko lauya.

Na ukun shi ne OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, Nijar tana ciki. Dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a Lome a Disamba 2010 ta wajabta wa ɗan kasuwa riƙe littattafan lissafi. Ta kuma buɗe matsayi na ƙaramin mai sana'a, wanda shi ma aka ce ya rubuta shige da ficen kuɗinsa kullum, in mai sayar da kaya ne ya riƙe rajistar abin da ya saya, ya adana shekara 5. Sai dai wannan littafin lissafi ne. Damuwarsa nawa aka biya, ta wace hanya. Ba don kama ɓarawo aka tsara shi ba.

Bayan 2011 abin ya ƙara girma. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi, motoci suka kwararo daga Libiya, wasu da takardu wasu babu. Har unguwa muke da ita mai suna Misrata, wanda ya isa ya nuna maka inda iskar ta kaɗo. A 2014 aka ga zinariya a Jado da Cibarkatan, kowa yana neman Hilux ko Land Cruiser da za ta jure hanya. Ga jigilar baƙi zuwa Dirku da Sabha. Motar da ke irin wannan aiki tana cin piyes kamar wuta da kara, kuma direban da zai shiga Tenere ya fi yarda da tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata Toyota a kan sabo na jabu, domin in abu ya karye a can rai ne. Sai doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016. An kama direbobi, an tsare motoci sama da 100, suka yi shekaru a rana. An rufe Jado a 2017. Wanda sana'arsa ta tsaya, me zai sayar ya ci abinci in ba abin da ya rage masa na mota ba? A irin wannan lokaci mai sayar da halalinsa don yunwa da mai sayar da na sata kamanninsu ɗaya: dukansu suna gaggawa, dukansu suna karya kuɗi. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma a shekarar ce kuma aka rufe iyaka da Benin, hanyar Kwatano da tsofaffin motoci da sassansu ke biyowa ta toshe, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Duk lokacin da na waje ya yi wuya, na cikin buhu daraja yake ƙarawa.

Ba sata kaɗai ce ke sa a tambayi asalin ƙarfe ba. A Disamba 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, sun sami tsofaffin ƙarafa masu tururin uraniyum ana sayarwa a kasuwar garin, Greenpeace ma ta sake samu a 2009. Irin ƙarafan da maƙera ke saye su yi kayan gida da su. Inda akwai littafin da ya nuna wa ya kawo, wa ya saya, da an bi sawu gida gida.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada gajeriyar hanya. A 2023 gwamnan Borno ya hana sana'ar jari-bola ɗungurungum. Hani yana da sauƙin sanarwa a rediyo, amma duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai ya san yawan bakin da ke ci daga tsohon ƙarfe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ne, sai dai ba a rufe kasuwar daddawa saboda ɓera.

To a ce gobe an ce kowane mai sayen piyes a Agadas ya riƙe littafi irin na 1898. A nan ne karatunmu na harshe yake da abin cewa, domin littafin zai ci karo da matsaloli biyu tun a layin farko. Ta farko sunan kayan. Abin da makaniken Agadas ke kira buji, ɗan'uwansa na Kano fulogi yake cewa. Mu firan, su birki. Mu bitas, su giya. Wanda ya koyi aiki a Sabha da sunan Larabcin Libiya zai kira shi. Duk Hausa muke yi, amma ƙarfe ɗaya suna uku. Ta biyu ta fi tsanani, sunan mutum. Akwai sauti a Tamajak da Larabci wanda Faransanci ba shi da harafinsa, sai wani ma'aikaci ya rubuta shi gh, wani rh, wani r kawai. Shi ya sa gari ɗaya yake Tchirozérine a wannan takarda, Tchighozérine a waccan. Mutum ɗaya yana iya zama Ghissa a katinsa, Rhissa a farminsa. Ƙara da Mohamed da Mahamane da Mamane da Mahamadou, ƙara da cewa makiyaya da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma "adireshi" a wurin mai bin ruwa da ciyawa sunan rijiya ne. Littafin da aka cika da irin waɗannan sunaye zai gamsar da mai duba littafi, ba zai kai ka ƙofar kowa ba.

Kuma wa zai rubuta? Yawancin masu gareji yara ne da suka bar lakwal da wuri ko ba su shiga ba. Da yawansu suna iya ajami daga makarantar allo, wasu suna iya tifinagh daga iyayensu mata, wasu suna iya Hausar boko ta waya. In aka ce sai Faransanci, za a koma ɗaukar wani yaro ya cika shafuka ranar da aka ji masu bincike suna tafe.

Abin da ake yi yanzu a aikace ya fi doka wayo. Mai saye mai hankali yana ɗaukar hoton kayan da na mai kawowa da wayarsa, wani har ya sa shi ya yi magana a naɗa, ya faɗi sunansa da motar da aka ciro abin. Sashe na 5 na dokar OHADA ɗin nan ya yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Muryar da aka naɗa ba ta da matsalar gh da rh. Rauninta shi ne waya tana ɓata, tana lalacewa, ana kuma sayar da ita.

Da ni za a tambaya, littafin a bar shi ƙarami, a yarda a cika shi da Hausa, boko ko ajami, ko da Tamajak, ko da Larabci. A rubuta rana, da sunan kaya yadda ake faɗinsa a garejin, da kuɗi, da lambar shasin motar da aka ciro shi in akwai, da lambar wayar mai sayarwa, tun da layukan waya yanzu da suna ake rajistarsu. Sannan a ƙara gurbi ɗaya da babu shi a littafin Faransa: sunan wanda ya tsaya masa, mutumin gari da ya ce na san shi, a riƙe ni. Ƙungiyar makanikai da masu unguwanni sun fi kowane ofis sanin waɗanda maganarsu ta isa a rubuta a wannan gurbi, da kuma nawa ya kamata la'adarsu ta zama.